Sulken lantarki ya sauya jikin ɗan taekwondo

Tun da aka fara amfani da sulken lantarki mai ƙirga maki a gasar Olympics ta Landan a 2012, taekwondo ya sauya kama. A da alƙalai ne ke duba ƙarfin duka da idonsu. Yanzu na'ura ce ke ba da maki da zarar ƙafa ta taɓa sulken da matsin da aka ƙayyade. Sai doguwar ƙafa ta zama jari. Ɗan wasa ya tsaya kan ƙafar baya, ya ɗaga ta gaba yana tokare abokin karawa, yana dakon kai, domin duka a ka maki 3 ne, in da juyi kuwa ya fi haka. Misali, Issoufou Alfaga na Nijar, mai tsawon mita 2.07, ya ci azurfa a Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017.

Karawa zagaye 3 ce, kowane minti 2, da hutun minti 1 a tsakani. Mai kallo zai ɗauka wasan yara ne. Hari bai wuce 'yan daƙiƙu ba, amma bugun zuciya kan kusanci ƙurewarsa, kuma mai neman zinare sai ya yi karawa huɗu ko fiye a yini guda. Saboda haka dogon numfashi ne ke raba gwani da gwani da yamma, lokacin da cinya ta yi nauyi. Ƙugu da gwiwar ƙafar da ke ɗauke da jiki su ma suna shan wuya.

Babbar illar dai tana kan sikeli. Kowa na son ya zama dogo a aji mara nauyi. Gasar duniya tana da aji 8 ga maza, Olympics kuwa 4 kacal: kilo 58, 68, 80 da sama da 80. Wanda ya saba da kilo 74, ko dai ya zubar da 6, ko ya fuskanci waɗanda suka fi shi jiki. Da yawa sai su ƙaurace wa ruwa, su yi ta gudu cikin rigar leda. Jikin da ya bushe ba ya saurin farfaɗowa, ga jiri, ga raunin hankali a fage.

Hukumar World Taekwondo ta kawo awon bazata da safiyar karawa, inda ba a yarda mutum ya haura kashi 5 cikin 100 na ajinsa ba. Ya rage ɓarna, amma muddin ajin Olympics bai ƙaru ba, 'yan wasa za su ci gaba da matse jikinsu.