Yadda Koren Ganye Ke Haifar Da Shuɗi

Ganyen baba kore ne shar, amma shuɗi ake samu daga gare shi. Wannan abin tambaya ne ga ɗalibin kimiyya, balle wanda ya tashi a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, wanda kuma ya yi suna wajen saƙa da rini.

Gaskiyar magana, babu shuɗi a cikin ganyen. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi mai suna indikan. Idan aka daka ganyen ko aka jiƙa shi, sinadarin yakan rabu da sukarin da ke maƙale da shi, sa'an nan iska ta mayar da abin da ya saura shuni. To, amma shuni ba ya narkewa a ruwa. A nan hikimar marina take. Idan aka haɗa shi da ruwan toka a karofi aka bari ya kwana biyu, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan sauya shi ya narke. Shi ya sa zane kan fito daga karofi da ɗan kore-kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi. A ganina, babu darasin aji da ya kai wannan bayyana aikin iska.

Kore ya fi wuyar samu. Sinadarin da ke sa ganye kore ba ya jure rana, nan da nan yake koɗewa. Dabarar ita ce haɗa shuɗi da launin da ake samu daga saiwar rawaya.

Ita kuwa bula da ake shafe bango da ita baƙuwa ce. Asalin launinta wani dutse ne mai tsada na ƙasar Afganistan, kafin a gano yadda ake haɗa shi a Faransa a 1828. Shuni ma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kasuwar baba ta soma ja da baya.

Malamanmu na Rabah da Goronyo za su iya gwadawa da damina. A jiƙa ɗanyen ganyen baba ya kwana, a tace, a zuba ruwan toka kaɗan, ɗalibai su yi ta kaɗawa har kumfar ta yi shuɗi.