Zaɓen Irin Shanu a Bengu: Daga Bororoji Zuwa Gudale

Saniya mai jure wahala ita ce wadda jikinta ya dace da ƙasar da take kiwo. A Sikotilan ana zaɓar irin Highland don dogon gashinta yana kare ta daga sanyi. A Bengu, cikin yankin Gaya na jihar Doso, abin da ake dubawa shi ne ko za ta jure zafin bazara da kaska da laimar fadama. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kuma kwarin Dallol Mawri da Dallol Foga inda ruwa ke kusa da bisa. Ciyawa na samuwa, cuta ma haka.

Bororoji, ja mai dogon ƙaho, saniyar tafiya ce. Tana jure ƙishirwa da doguwar hanya, amma ba ta son turke, ba ta kuma yarda da baƙon hannu. Muddin burtali a buɗe yake, babu saniyar da ta fi ta arhar riƙo, don daji ke ciyar da ita. Sai dai dajin ya ƙuntata. Gonakin gero da rake da shinkafa sun cinye makiyaya, Benin ta hana shigar garkunan ƙetare tun ƙarshen 2019, rufe gadar Gaya zuwa Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ƙara tsananta lamarin, rashin tsaro kuma ya mai da gandun dajin W wurin gudu.

Shi ya sa hankalin manoma da masu turka ya fi karkata ga Gudale, wadda ake kira Bokoloji a ƙasar Sakkwato. Gajeren ƙaho gare ta, da leɓe mai reto, da sanyin hali. Yaro ma sai ya ja ta da igiya. Bijiminta na jan garma da amalanke, in ya yi ƴan shekaru yana aiki a ɗaure shi a ba shi harawa da dusa da kanwa, ya yi mai, a kai shi kasuwar Gaya ko Kamba. Jalli, saniyar bakin Kwara da ta saba da ciyawar burgu, ita ma tana da masu so. Azawak kuwa, wadda ake inganta irinta a Tukunus, ta fi nono, amma ƴar tudu ce, damshi na wahalar da ita.

Sauyin ya zo da nasa nauyi. Abin da daji ke bayarwa kyauta yanzu saye ake, kuma a watan Afrilu da Mayu damin harawa kan cinye ribar mai turka. Shanun da suka daɗe a fadama na yawan kamuwa da ciwon hanta da kirci, kuɗin magani ya ƙaru. A gefe guda taki na zama a gona, abin da mai rake ya san darajarsa.

Akwai kuma barbarar da ake yi barkatai, wadda ke narkar da tsantsar iri. Duka waɗannan shanu masu tozo ne, ba sa jure sammore kamar Keteku ta Borgu. Inda tsando yake, girman Gudale ba ya hana ta ramewa.