Hawan Jini Na Cin Lissafin Ɗan Kasuwa A Ɓoye

Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, babu kasuwar da ba ta da irin dattijon nan da ke juya Naira zuwa Sefa da ka, ya kuma riƙe sunan duk wanda yake bi bashi ba tare da littafi ba. Sai a wayi gari ya fara ruɗewa wajen ba da canji, yana tambayar abu ɗaya sau uku. Jama'a su ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce sammu aka yi masa. Amma likitoci sun ce sau da yawa matsalar daga zuciya da jijiyoyin jini take farawa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar da jini ke rarrabawa. Idan hawan jini, wato tansiyo, ya daɗe ba magani, ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita sukan yi kauri su ƙuntata, wasu su toshe. Mutum ba zai ji ciwo ba, sai dai saurin tunani da iya tsara al'amura su riƙa raguwa. Ciwon suga, shan taba, ƙiba da yawan kitse a jini duk wannan ɓarna suke yi.

A shekarar 2001 aka fitar da sakamakon wani bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanafolis a Amurka. An gano gigin tsufa ya fi kama na Amurka fiye da ninki biyu, kuma su ne suka fi fama da hawan jini da suga. A 2019 kuma, binciken SPRINT MIND da ya ƙunshi mutum sama da 9,000 a Amurka ya nuna cewa sauke hawan jini sosai ya rage matakin farko na raunin tunani da kashi 19 cikin ɗari. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan lalura na da nasaba da abubuwa 14 da ake iya kaucewa, ciki har da waɗannan da muka ambata.

Wannan magana ba ta tsofaffi kaɗai ba ce, domin hawan jinin ɗan shekara 45 shi ke bayyana a tunaninsa idan ya kai 70. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa ya kamata ya riƙa zuwa awo. Idan ma'auni ya yi ta nuna 140/90 ko sama da haka, a ga likita, kada a dogara da masu tallan magani a tire. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi ma gishiri ne.

Idan kuwa dattijo ya ruɗe farat ɗaya, bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, domin alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Wanda mantuwa ta fara damunsa kuma, ƴaƴansa su rubuta basussuka da ajiyar mutane tun yana iya tunawa, kafin haƙƙin wani ya salwanta.