Zafin Fetur da Hatsarinsa ga Ƙananan Jiragen Sama

Wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a shekarun 1980, musamman da bazara, zai tuna yadda Peugeot 504 takan yi tari bayan an wuce Buruku, sa'an nan ta mutu murus alhali tanki cike yake. Direba ba ya neman makanike. Sai ya jiƙa tsumma ya ɗora a kan famfon mai, a ɗan jira, mota ta tashi. Fasinjoji da yawa sun ɗauki wannan dabara camfi, amma kuwa ilmi ne tsantsa.

Shi fetur gauraye ne na sinadarai iri-iri, waɗansunsu kuwa sukan fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. In bututun mai ya ɗumama, sai man ya koma tururi a ciki. Famfo kuwa don ruwa aka ƙera shi, ba ya iya jan tururi, saboda haka sai kafireta ta bushe. Abin da jiƙaƙƙen tsumma yake yi shi ne sanyaya famfon har tururin ya koma ruwa.

To, direba yana da gefen titi. Matuƙin ƙaramin jirgi da ke bisa dajin Kamuku fa, ina zai tsaya? Ga shi kuma matsalar ta fi tsanani a sama, domin gwargwadon hawa, gwargwadon raguwar nauyin iska. A tsayin mita 3,000 bai wuce kashi 70 cikin 100 na nauyinta a bakin teku ba, mai kuwa sai ya fi saurin tafasa.

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. A Kaduna aka harhaɗa jirgin Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, kuma Mayaƙan Sama na Nijeriya suka sayi guda 60 don koyar da matuƙa. Asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, watau irin jirgin da mutum yake sayen sassansa ya haɗa a gida. An shirya Air Beetle yadda zai iya shan fetur na mota, wanda ya fi man jirgi araha, amma ya fi shi saurin zama tururi. Tankunansa kuma a cikin fukafukai suke, ƙasa da inji, don haka dole a jawo man sama, jan kuwa yana ƙara masa saurin tafasa.

Masu haɗa irin waɗannan jirage sukan nisanta bututun mai daga salansa, su naɗe shi da rigar da ke tare zafi, su kuma jawo iska mai sanyi daga waje ta riƙa busa famfo. Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne famfon lantarki a kusa da tanki, domin man da ake turawa ba ya saurin tafasa kamar wanda ake ja. Waɗansu sukan ƙara bututun da ke mayar da rarar mai tanki, don kada ya zauna wuri ɗaya ya ɗumama.

Lokacin da aka fi jin tsoro shi ne in jirgi ya sauka da rana tsaka, aka kashe inji na 'yan mintoci, sa'an nan aka sake tashi. Iska ta daina ratsa injin, zafi ya taru a ƙarƙashin murfi ya dafa man da ke bututu. Injin yana iya tashi lafiya lau, sai jirgi ya bar ƙasa yana neman mai da yawa sa'an nan ya fara tari.