Hanyar Gwanja da Fataucin Goro

Ba a ɗaurin aure ko raɗin suna a ƙasar Hausa ba a raba goro ba, alhali itacensa ba ya yi a ƙasarmu. Itacen kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Wanda kakanninmu suka fi so, mai rabewa biyu, daga dazuzzukan Asante yake fitowa, cikin Ghana ta yau. A ƙarni na 19 Asantawa ba sa barin fatake su kutsa kurmin, sai dai su kawo goron zuwa arewa, kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a haɗu a can.

Hanyar ta tsufa. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Amma bayan jihadin 1804 ne fataucin ya bunƙasa, kuma zuriyoyi uku suka riƙe ragamarsa: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari.

Da ruwa ya ɗauke sai ayari ya tashi. Ana ɗora wa jakuna kanwa, da tufafin rini na Kano, da kayan fata, da gabu. A bi ta Yawuri a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki, a wuce Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, ga dabbobi kusan yawan haka.

Wanda ya ɗauka jarumta ce kaɗai ke kai mutane dubu Gwanja bai fahimci lamarin ba. Tsari ne. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke shiga gaban sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da gaisuwa, kuma dole ya san sarkin da ake lallaɓawa da wanda ake kauce wa garinsa. Jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Akwai malamin ayari mai addu'a da rubuta lissafi. Mata na girki, suna kuma nasu ƙaramin ciniki. A Bargu, inda 'yan fashi suka yi suna, ayarin da ya warwatsu ya zama nama.

In an sauka zango, sai maigida ya karɓi baƙi. Shi ke ba su masauki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan za a ba da bashi. Ba banki, ba takardar kotu. Wanda ya ci amana a Salaga, labarinsa zai riga shi isa kasuwar Kurmi ta Kano, kuma ba mai sake ba shi ko ƙwarya ɗaya.

Wahalar gaske kuwa a dawowa take. Goro ba kanwa ba ne da za a ɗaure a manta. In ya sha iska ya bushe, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe, ga sankara mai cinsa ta ciki. Don haka ana naɗe shi cikin ɗanyen ganye a yi huhu, a riƙa yayyafa ruwa, bayan 'yan kwanaki a kwance a tsince wanda ya kamu kafin ya ɓata sauran. Haka za a yi ta yi wata da watanni a bayan jaki. Shi ya sa goro ya yi tsada a Kano har ya zama kyautar sarakuna da attajirai.

Akwai abin da masu yabon wannan tarihi suke tsallakewa, bai kuwa kamata ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce. An sayi goro da 'yan Adam, kuma bayi da yawa ne suka ɗauko shi a ka. Dukiyar wasu gidaje da guminsu aka tara ta.

Rushewar Salaga ba ta ɗauki lokaci ba. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, babban birnin Asante, Salaga ta ɓalle daga Asante, Asantawa suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Salaga a 1892 ya ƙarasa ta. Fatake da malamai suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Sannan jirgin ruwa ya fara kai goro Ikko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya Yarabawa suka dasa irin goron a Shagamu da kewaye. Jaki ya rasa aiki.

Masu wayo ba su tsaya kukan tsohuwar hanya ba. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, ya koma ɗauko goro ta teku, ya juya ribar zuwa gyaɗa, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Gādon da ya fi wannan girma shi ne mutane. Unguwannin Zango na Kumasi da Ankara da sauran biranen Ghana daga wannan fatauci tushensu yake, kuma har gobe Hausa ce harshen ciniki da wa'azi a cikinsu. Mai karatu, idan a gidanku akwai dattijon da kakansa ya yi Gwanja, ka zauna da shi ka ɗauki labarin a wayarka tun yana iya bayarwa.