Bakaniken Soja: Yadda Ake Horar da Mai Tayar da Tanka

Wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya san yadda ake koyon sana'ar. Yaro sai ya shekara yana miƙa wa oga sifana, yana wanke fulogi da fetur, kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai. Bakaniken soja ma da miƙa sifana yake farawa, sai dai kuskurensa kan bar mutum goma a daji tsakanin Michika da Madagali. Mutanen Mubi, da Boko Haram ta shiga garinsu a ƙarshen Oktoban 2014 har aka ƙwato shi a Nuwamba, sun san darajar motar da ke tashi da murɗa makulli sau ɗaya.

Makarantar kanikawan sojan ƙasa tana Auchi a jihar Edo, sojan sama kuma suna da tasu makarantar, AFIT, a Kaduna. Amma gyaran hawa-hawa ne. Direba shi ne matakin farko: kullum da safe ya duba baƙin mai, ruwan lagireto da tayoyi. Abin da ya fi ƙarfinsa, kanikawan bataliya su karɓa. In inji ne za a sauke, sai babban wurin gyara na baya. Kowane mataki da kwas ɗinsa da jarrabawarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kayan ba 'yan gida ɗaya ba ne. Akwai tankar Vickers ta Ingila, akwai T-72 ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ga VT-4 da ta iso daga Sin a 2020. Kowace da littafinta, da safayarta, da irin laulayinta. Sajen da ya ƙware a ɗaya, in aka kai shi gaban wata, ya koma ɗan koyo. Sai a kashe kuɗi a tura mutum kwas, yana dawowa takardar canjin wurin aiki ta ɗauke shi zuwa inda babu motar da ya karanta. A ganina wannan asarar ta fi ta ƙarfe ciwo.

Shi ya sa mai kula da horo nagari yake riƙe littafi biyu. Ɗaya na motar: yaushe aka juye mai, yaushe aka kakkaɓe matatar iska, don ƙurar hunturu tana cin inji kamar gara. Ɗayan na mutanen: wa ya iya giya, wa ya iya wayarin, wane kofur ne ya kamata ya tsuguna kusa da tsohon samanja kafin ya yi ritaya.