Jiri da ganin dishi-dishi ga mai juna biyu

A ƙauyukan Birniwa da sauran yankunan fadamar kogin Hadejia a jihar Jigawa, ba baƙon abu ba ne jiri ya ɗebi mace mai juna biyu tana tsaka da surfe.

Likitoci sun ce galibi jijiyoyin jini ne kan saki a farkon ciki, sai ƙarfin jinin ya sauka, musamman idan ta miƙe zumbur ko ta wuni da yunwa cikin zafi. Kwanciya rigingine da tsohon ciki ma kan jawo suma, domin mahaifa na danne jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Shi ya sa ake so ta kwanta ta gefen hagu.

Inda ruwa ke kwanciya bayan damina kuwa, zazzaɓin cizon sauro na haddasa ƙarancin jini, wanda shi ma ke kawo jiri da kasala.

To sai dai abin da ya fi tayar da hankalin ma'aikatan lafiya shi ne ganin dishi-dishi ko walƙiya bayan ciki ya wuce makonni 20, haɗe da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90, jijjiga na iya biyo baya, wadda kan hallaka uwa da ɗa.

Sau da dama akan ɗora alhakin jijjigar kan iskoki, a tsaya yin turare a gida, alhali allurar magnesium sulphate da ake yi a asibiti ce ke tsayar da ita.